Abin da Inna Ta Ci da Abin da Ta Sha

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Ni ce babbar 'yar Inna, kuma ni na yi jinyarta tun farko har ƙarshe. Na rubuta wannan domin gidan da ke da mai ciwon suga, musamman macen da za a damƙa wa tukunya da allura a lokaci ɗaya. Ban yi karatu mai nisa ba, a ƙaramar sakandare na tsaya, amma ina son abu ya bi layinsa. Saboda haka zan faɗi na farko kafin na biyu.

Inna 'yar Bukkuyum ce. Tun rasuwar mahaifinmu da kunun zaƙi ta riƙe mu, tana damawa ana kai wa kasuwa da bakin tasha. Ba ta faɗin sunana saboda ni ce ta fari, sai ta laƙaba mini Saje, wai kullum cikin ba da umarni nake. Ban taɓa musa mata ba.

Abin ya fara da ƙishirwa. Ta sha ruwa, ta koma ta sake sha, ta yi ta zaryar bayan gida. Zanenta ya soma yi mata yawa. Na ga kiyashi sun taru inda ta zubar da fo, na share, ban yi tunanin komai ba. Muka ce tsufa ne da zafin gari.

Da kaka ta shiga gona kallon masu yankan dawa, ta taka tsinin kara. Bayan ta idar da sallar la'asar na zo naɗe tabarma, na ga jini.

Na ce, "Inna, me ya samu ƙafarki?"

Ta ce, "Wace ƙafa?"

Wannan tambayar ta fi jinin tsorata ni. Karan ya huda tafin ƙafarta ta hagu kusa da ƙaramin yatsa, ta yi tafiya a kansa har gida, ba ta ji ba.

Daga nan shawara ta fara shigowa gidan. Wata ta ce a gasa da man shanu. Wata ta ce a zuba toka. Wata ta rage murya ta ce Inna ta taka abin da aka binne wa wani ne. Mun yi na man shanu, ciwon ya ƙara buɗewa. Sai Kawu Sule, ƙanin Inna da ke zaune a Gummi, ya kira ya ce gubar dalma ce, tunda akwai shekarar da Inna ta riƙa kai wa masu haƙar zinariya kunu ta wajen Sunke. A ƙasarmu duk ciwon da ya ƙi ganewa sai an tuna dalma. Muka tafi asibitin Anka aka ɗebi jini, aka ce babu. Muna shirin tashi wata ma'aikaciyar jinya ta dubi ƙafar, ta dubi bakin Inna da ya bushe, ta kama yatsanta ta tsira masa ƙaramar allura. Na'urar gwajin da ta ɗiga jinin a kai ta ƙi ba da lamba, haruffa biyu kawai ta rubuta. Matar ta ce, "Ku bar neman dalma. Suga ne, kuma ya daɗe." Allah ya saka mata da alheri, ban ma san sunanta ba.

Muka koma gidan Kawu a Gummi da zama, domin ana buƙatar wanke ciwon a kai a kai, hanyar Bukkuyum kuwa ba ta biyuwa duk lokacin da mutum ya ga dama. A makon farko ragon da Inna ke kiwo ya tafi kasuwa. Layin asibiti abin da zan ce a kansa kaɗan ne. A fita da sassafe, a yi layin kati, a yi layin gwaji, a zauna a benci har inuwa ta gudu ta bar mutum. Na ga tsofaffi sun fi Inna jiki, babu mai riƙe musu buta. Duk mai zuwa ya zo da tabarma da haƙuri.

Likitan da ya karɓe mu saurayi ne daga Kudu, bautar ƙasa ta kawo shi. Hausarsa nan ya tsince ta, a bakin marasa lafiya da kasuwa, amma ba ya jin kunyar yin ta. Mama yake kiran Inna. Da hannunsa ya kankare ciwon. Da ya gama ya ce, "Idan suga yana sama, ciwo ba ya warkewa. Idan ciwo ya hau nan," ya taɓa idon sawu, "za a yanke nan." Ya ja yatsa a ƙasan gwiwarta.

Inna ta saukar da zanenta ta rufe ƙafar. Sai da muka fito ta ce, "Saje, da ƙafa biyu na zo duniya, da biyu za ni koma. Ki ji da kyau."

Na ce, "Na ji. Amma za ki bi abin da na ce."

Dokar likita ita ce a rage mata tuwo da shinkafa da doya da taliya da burodi, ta riƙa cin wake da ganye da ƙwai da kifi, kada ta sha suga ko lemon kwalba. Ya koya mini yin allura safe da yamma. Ni kuma na ƙara tawa dokar. Tunda sunan ciwon suga, duk abin da harshe ya ji zaƙinsa na haramta shi. Dabino, rake, alewa, mangwaro, har zumar da Kawu ya kawo yana cewa waraka ce, na mayar masa da kwalbarsa. Ya dawo da sassaƙen maɗaci da ganyen shuwaka, ya ce ɗaci da tsami su ke kashe zaƙi a jini. Wannan maganar ta zauna mini a kai, don na ga kamar tana da tsari.

Tuwon Inna ya koma kamar ƙwan kaza. Takan dube shi ta ce, "Wanga na ɗanɗano ne, ko abincin na tafe baya?" Yunwa ta dame ta. To, tsohuwa mai yunwa me za a ba ta a gidan Bahaushe? Na dama mata fura da nono mai tsami, ba suga. Na ɗanɗana da kaina, babu ɗigon zaƙi. Da safe koko ba suga, da rana fura, da la'asar fura. Masu dubiya kuma kowa da ƙwaryarta, domin ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake. Na riƙa tsayawa a ƙofa ina tambaya, "An sa suga?" In an ce a'a, in ce a shiga da ita.

Duk ranar wanke ciwo likita zai tambaye ni, "Me Mama ta ci?" Ni kuma in lissafa masa ɗaya bayan ɗaya: wake, kwaɗon zogale, ƙwai, ɗan tuwo. Ban taɓa rage masa ko loma ɗaya ba. Sai ya dubi na'ura, ya dube ni, ya ƙara yawan allura. Mako ya bi mako a haka. Buhun gyaɗa ya bi rago. Ciwon ya fara wari, ƙaramin yatsan ya yi baƙi, jan ya kama hanyar idon sawu.

Ran nan likitan ya ajiye almakashinsa ya ce, "Aunty, wani yana ba Mama abu a ɓoye?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "A gidan da nake, ba a ɓoye."

Ya ce in zuwa na gaba haka ya gani, zai rubuta mu Sakkwato wajen masu yanka. Na koma gida na zazzage ɗakin Inna, na ɗaga katifa, na buɗe kwanuka. Ban samu ko ƙwallon dabino ba. Inna tana kallona tana shan furarta.

Sai na kira Rabi, autarmu. Tana Sakkwato tana karatun kimiyyar abinci. A gida wasa muke yi da karatun nata, Kawu yakan ce an kashe kuɗin mota an tura yarinya koyon girkin da uwarta ta iya. Ban kira ta don shawara ba. Na kira ta ne don ta sami Inna da ƙafafunta biyu, ko da sau ɗaya ne.

Ta iso da hantsi. Ta gaisa, ta dubi ƙafar, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke ido. Wunin ranar kallo kawai take. Da la'asar na ɗauko ludayi zan dama fura, sai ta riƙe bakin ƙwaryar.

Ta ce, "Yaya, wagga ita ce ta nawa yau?"

"Ban sa suga ba."

"Ba shi na tambaya ba. Kin gaya wa likita tana shan fura?"

Na ce, "Abin da ta ci yake tambaya. Fura ci ake yi?"

Rabi ta saki ƙwaryar ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Koko fa?"

"Shi ma sha ne."

Ta daɗe tana kallona. Na ce in tana da magana ta yi, nono na jira. Sai ta juya wajen Inna.

"Inna, kunun zaƙin da kike damawa muna ƙanana, suga nawa kike zubawa?"

Inna ta taɓe baki. "Suga? Wa ke da kuɗin suga sa'annan? Masu ha'inci ke sa suga. Ni tsiro nake sawa."

"Yaya ake yi?"

"Ke da anka kai makarantar girki ba ki sani ba? A jiƙa dawa, a rufe ta har ta fid da tsiro, a shanya, a niƙa. In kin dama gasara ta yi kauri ta ɗan huce, ki zuba tsiron ki rufe. In kin buɗe ki iske ya tsinke ya yi zaƙi."

"To zaƙin daga ina ya fito, tunda ba ki zuba ba?"

Inna ta ce, "Cikin hatsin yake. Tsiro shi ke fiddo shi."

Rabi ta ce, "Inna, cikin mutum ma yana da nasa tsiron. Tun daga miyau yake fara aiki."

Ta ɗauki carbin Inna da ke kan tabarma ta ɗaga. Ta ce garin gero da dawa da masara da shinkafa duk sitaci ne, shi kuma sitaci ba komai ba ne illa 'ya'yan suga da aka shirya a zare kamar carbin nan. Muddin suna kan zare harshe ba ya jin zaƙinsu. Da sun shiga ciki sai a tsinka zaren, su watse ɗaya ɗaya su shiga jini. Ta ce a littafinsu kabohaidret ake kiran dangin nan duka, da mai zaƙi da marar zaƙi. Fura kuwa an dafa, an kirɓa, an dame da ruwa, an riga an yi wa ciki rabin aikinsa, don haka ta fi tuwo saurin isa jini. Ta ce ƙwarya guda ta furar da nake damawa ta ninka ɗan tuwon da nake ta aunawa.

Na ce, "Tsamin nonon fa? Kawu ya ce yana kashe zaƙi."

Ta ce, "A harshe yake kashe shi, Yaya. Jini ba ya ɗanɗano."

Ni ba na karɓar magana don an yi ta da daɗi. Na ce sai na gani. Washegari muka kai Inna wani kemis da ke gwajin suga a bakin kasuwa, aka gwada kafin ta sa komai a baki. Muka koma gida na dama fura yadda na saba, ta sha. Bayan wani lokaci muka koma aka sake tsira yatsa. Lambar ta yi tsallen da ko ni da ban san lissafinsu ba na gane. Na karɓi na'urar na duba da idona, na mayar wa mai kemis. A hanya na miƙa wa Rabi jakar maganin ta riƙe, abin da ban taɓa bai wa kowa ba.

Na so in hana furar nan take. Rabi ta ce a'a, sai an ga likita, domin ya ƙara allura ne a kan sugan da ke sama, in an janye fura an bar allurar yadda take, sugan na iya faɗuwa ƙasa ya kayar da Inna. Wannan a riƙe shi da kyau. Kada wanda ya karanta labarin nan ya canza abincin mara lafiyarsa ba da sanin mai ba shi magani ba.

Da muka shiga, likita ya yi tambayarsa ta kullum. Na ce, "Yau amsa biyu zan ba ka. Ga abin da ta ci, ga kuma abin da ta sha." Rabi ta yi masa bayani da Turanci. Ya dafe kai. Ya ce shi a zatonsa sha na ruwa ne da shayi da lemo. Na ce a wajenmu ana shan fura, ana shan kunu da koko, ana shan rake da mangwaro da kankana, har alewa sha ake yi. Ya yi ta maimaitawa, "Sha rake. Sha mangwaro." Ban ga laifinsa ba. Ya tambaya da Hausar da ya sani, na amsa da Hausar da na sani, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ya gyara allurar, ya ce in ajiye dabino a kusa, in Inna ta fara rawar jiki da gumi in ba ta. Dabinon da na kora da kaina ya dawo gidan a matsayin magani. Ya ce yatsan ya riga ya mutu, sai an cire, amma ƙafar zai ƙara mata lokaci.

Aka cire yatsan. Daga nan aikin gaske ya fara.

Rabi ta kasa mini abinci uku, yadda zan iya riƙewa. Na farko hatsi da danginsa, su ke komawa suga, a ba da kaɗan kuma a rarraba, kada a tara a zama ɗaya. Na biyu furotin, wato wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama da nono. Ta ce da shi jiki ke gina sabon nama, kamar yadda ake toshe ɓarakar bango da sabuwar ƙasa, kuma ramin da ke ƙafar Inna ba zai cike da kunu ba. Na uku mai, man gyaɗa da man shanu da manja. Shi ba ya ɗaga lamba da sauri, yana riƙe ciki, amma in ya yi yawa yana da tasa ɓarnar a hanyoyin jini. Sai na gane nono ba shi ne abokin gaba ba, dunƙulen furar ne. Na riƙa ba Inna nono zalla, da alala, da dafaffen wake, da kwaɗon rama, da kifin gulbi in an samu. Tuwo ya ɗan fi ƙwai girma, ta daina kwana da yunwa.

Inna ba ta sallama cikin sauƙi ba. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa wuni ba fura ba. Ta juya mini baya, ta daina amsa gaisuwata. Rabi ta koma makaranta ta bar ni da faɗan. Ran nan Inna ta ce, "Ke dai Saje, ko gidan yari ana ba da fura."

Na ce, "Ana bayarwa. Amma can ba su damu da ƙafarki ba."

Masu dubiya su suka fi wahala. Na koma bakin ƙofa, wannan karon ba tambaya, duk ƙwaryar da ta zo in karɓa da godiya in kai wa mutanen gida. Wata dattijuwa ta ce ba ta taɓa ganin inda aka raba mara lafiya da fura ba sai a hannun marar tausayi. Kawu ya ce na kunyata shi a unguwa, gidansa ya zama gidan da ake mayar da alheri. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. In an yanke ƙafar, ba 'yan unguwa ne za su riƙa ɗaukarta zuwa bayan gida ba." Bayan kwana biyu ya dawo daga kasuwa da ƙwan zabi a hularsa, ya ajiye a ƙofar ɗaki ya wuce. Shi da iyalinsa sun riƙe mu wata da watanni ba su taɓa nuna gajiya ba, wannan ma dole in faɗa.

Sau ɗaya Inna ta yi rawar jikin da aka faɗa mana, da hantsi, gumi na zuba. Na ba ta dabino, ta dawo. Tana taunawa ta ce, "Ashe kin san inda kinka ɓoye su."

Lamba ta fara sauka. Warin ya ɗauke. Jan da ya nufi idon sawu ya tsaya, sannan ya ja baya. Wata rana likita ya buɗe bandeji ya kira ni ya nuna mini gefen ramin, nama ja sabo kamar cikin kankana. Ya ce, "Ba za mu je Sakkwato ba." A layi na ji yana tambayar wani tsoho, "Baba, me ka ci? Kuma me ka sha?"

Sai bayan damina ta faɗi ciwon ya rufe. Abin da nake so a ɗauka daga wahalarmu shi ne, a riƙa duba tafin ƙafar mai suga kullum, domin shi ba zai ji ba. Kada ya taka ƙasa ba takalmi. Kada a auna abinci da harshe. In likita ya tambayi abin da aka ci, a haɗa masa da abin da aka sha, ko bai tambaya ba. Ciwon sugan bai tafi ba, allura da awo suna nan har yau, amma mun san da wa muke zaune.

Ranar da muka koma Bukkuyum, a tasha na tsayar da mai babur. Inna ta ce in sallame shi. Ta sa takalminta, ta riƙe sandar da Kawu ya sassaƙa mata, ta taka har gida, tana tsayawa tana amsa sannu da zuwa. Ba mu gama shimfiɗa ba maƙwabciyarmu ta shigo da ƙwaryar fura fal, an dama ta da kyau, nono na sheƙi a sama. Na miƙe zan karɓe.

Inna ta ce, "Zauna, Saje."

Na zauna. Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu ta yi godiya, ta ɗora a cinya. Ta juya ludayin, ta ɗebo, ta kai kusa da hanci ta shaƙa. Sai ta mayar da shi cikin ƙwaryar, ta miƙe ƙafarta ta hagu mai yatsu huɗu a kan tabarma, ta dubi furar.

Ta ce, "Da ke na sayi wagga ƙafa. Ba ni fasa ciniki."

Ta miƙo mini ƙwaryar ta ce in raba wa baƙi, ita a ɗebo mata nono.

Allah ya ba masu jinya ƙarfin zuciya, ya tashi kafaɗun waɗanda ke kwance.